Gonar da Muka Shuka wa Kyamara

Kamfaninmu shago ɗaya ne a Gumel, rabinsa ma na ɗinkina ne. Kekena yana bakin ƙofa inda haske yake, daga ciki kuma akwai tebur da bidiyo biyu da talabijin da kyamarar da muka yi karo-karo muka saya a hannun wani mai ɗaukar biki a Kano. Allon sunan kamfanin ya fi na ɗinkin girma nesa ba kusa ba, kuma ni na sa aka yi shi haka. A shekarun farko ne bayan an ba mu Jihar Jigawa, lokacin da finafinan Hausa na kaset suka fara shigowa daga Kano, kowa yana kallo yana cewa ai mu ma za mu iya.

Mu huɗu ne. Akwai mai kyamara, Kirista ne mutumin Filato, malamin gona a sakatariya, mai haƙuri har ya kan ba ni haushi. Akwai wani dillalin shanu na kasuwar Maigatari, mai murya kamar an buga gwangwani, da wani malamin firamare da ke koyarwa a Sule Tankarkar. Sai ni, mai rubuta labari da ba da umarni, wanda suke kira Darakta idan suna son su tsokane ni. Biki da suna da walimar sauka su ke riƙe da kamfanin. Amma ni ban kafa shi don in ƙare rayuwata ina ɗaukar mutane suna cin shinkafa ba. Fim nake so mu yi, namu na kanmu, da gonakinmu da irin maganarmu.

Labarin da na rubuta a kan wa da ƙane ne da suka yi rigima kan iyakar gona bayan rasuwar mahaifinsu. Duk abin yana faruwa ne daga safiyar yau zuwa yammacin gobe. Dillali ne wan, malami ne ƙanen. Wurin ɗauka kuwa gonar mahaifina ce a ƙauyenmu, kusa da Gagarawa, wadda tun rasuwarsa ni nake nomawa, Inna da ƙannena mata suke ci.

Matsalarmu rana ce. Litinin zuwa Juma'a mai kyamara yana ofis, malami yana aji. Alhamis, ranar kasuwarsu, ko gobara ake yi dillali ba zai bar karar shanu ba. Lahadi mai kyamara yana coci, kuma ba mu taɓa roƙonsa ya fasa ba. Asabar kaɗai ta rage mana. Batirin kyamarar ma ba ya jimawa, sai mun haɗa da na mota. Don haka kowace Asabar sai mu hau babura mu tafi ƙauye, mu ɗauki fitowa ɗaya ko biyu, mu dawo. Haka muka yi tun farkon damina har kusan kaka.

Da muka gama haɗawa, na ce a ƙauyenmu za a fara nunawa. Muka ari aji a makarantar firamare, muka toshe tagogi da tabarmi, muka tayar da janareta bayan la'asar. Aji ya cika har waje. Na tsaya gefen talabijin na harɗe hannu, ina jiran in ga dattawa suna share hawaye.

Akwai wurin da wan yake ce wa ƙanen, "Tsaya nan, kada ka motsa, yanzu zan kira mai unguwa." Ya juya ya tafi, gero yana taɓa idon sawunsa. Hoto ya sauya. Ga shi ya dawo da mai unguwa, ga ƙane yana tsaye inda aka bar shi, da rigarsa da hularsa, amma gero ya kai masa ƙirji.

Wani daga baya ya ce, "Kai! Wannan mai unguwar a Makka aka ɗauko shi?"

Aji ya fashe. Daga nan ba wanda ya sake jin maganar fim. Kowa gero yake jira. Duk sanda hoto ya sauya sai a yi ihu, ana cewa ya ƙaru, ya ƙaru. A fitowar ƙarshe, wadda a labari washegari ce da yamma, 'yan'uwan biyu suna kuka sun rungume juna, zangarniya tana kaɗawa a saman kawunansu. Wani tsoho ya yi dariya har aka fitar da shi waje ya sha iska.

Dukanmu huɗu 'ya'yan manoma ne, ɗayanmu ma da aikin gona yake cin albashi, amma ba wanda ya gani. Fuskoki muke kallo, da ko an faɗi magana daidai. Geron kuwa tare muke zuwa da shi mako-mako, bai taɓa yi mana tsalle a ido ba sai da muka jera hotunan.

Na ji kunya, kuma na ji haushi, haushin ya fi yawa. Duk ranin nan in na sauka a ƙauye sai 'yan majalisar bakin masallaci su tare ni: "Ga mai iri ya iso! Don Allah a sam mana irin nan mai nuna kwana biyu." Ina gaishe su ina murmushin dole in wuce.

Dillali ya ce mu buga kaset mu sayar haka nan. "Mu zuba a motar kamiyo mu tsallaka da shi Damagaram. Mutanen birni ina suka san tsawon gero?" Na ce ba zan sayar da abin da aka yi wa dariya a ƙauyen Inna ba. Malami ya ce mu rubuta a jikin hoto cewa bayan wata biyu. Na tambaye shi wane mahaukaci ne zai tsaya wata biyu a gona da riga ɗaya yana jiran mai unguwa. Kuma gishirin labarin ke nan, cewa zumuncin shekaru yana iya wargajewa a yini guda. Na ce sake ɗauka za mu yi, daga farko, damina mai zuwa.

"Asabar ɗin dai ita ce," in ji mai kyamara. "Gero kuma ba zai jira mu ba, Darakta."

Gaskiyarsa, kuma na kwashe ranin ina juya maganar. Wata rana ina haɗa ƙwaryar saƙi a keke, ina jera tsiri kusa da tsiri, sai abin ya faɗo mini. Idan gero ba zai tsaya ba, to kada a shuka shi rana ɗaya. A raba gonar tsiri-tsiri, a shuka ɗaya wannan Asabar, na gaba Asabar mai zuwa, haka har ƙarshe. Kowane mako za a samu tsirin da ya kai gwiwa daidai, a nan za mu kafa kyamara. Gonarmu kuwa ta dace, domin gefenta na arewa burtali ne da saura, babu gonar kowa a baya. Mu fara shuka daga kudu, kyamara ta ba wa tsohon gero baya, tana matsawa arewa.

Da na faɗa musu, dillali ya tafa, malami ya ce kaina yana ja. Mai kyamara ne kaɗai bai yi murna ba. Ya ce, "Dabarar za ta yi. Amma ka san daminar nan gajeriya ce, ba irin tamu ta Filato ba. Tsirin farko da na biyu za su yi, wataƙila na uku. Sauran kara kawai za ka samu. Ka faɗa wa Mama?"

Ban faɗa mata ba, sai da na je takanas. Na same ta tana tsince wake a faifai. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma cika kallona ido cikin ido ba. Na zauna a ƙasa na yi mata bayani dalla-dalla, ban ɓoye mata maganar kara ba. Ta bari na gama.

"To, me za a ci?"

"Zan sayo, Inna. Ɗinki yana nan."

"Awo ke nan." Ta ajiye faifan. "Gidan nan an yi fari an yi fara, ubanka bai taɓa shigo da geron kasuwa da kaka ba. Da bazara kowa yana awo, ba abin magana ba ne. Amma da kaka, ana kai dami gida-gida, mu a gan mu da buhu? Me zan ce wa mutane, ciwo ka yi?"

Na ce, "Inna, dariyar da aka yi mini fa?"

"Dariya ta taɓa hana wani barci da yunwa?"

Ban janye ba, ita ma ta san ban janye ba. Can ta ce, "Gonar ubanka ce." Ba ta ce na yi ba, ba ta ce kada na yi ba. Ranar da ruwan shuka ya sauka, na tarar ta fito da iri a ƙwarya ta ajiye a bakin zaure, ta shige ɗaki.

A ƙauyenmu in ruwan shuka ya sauka ba a zama. Yara da manya kowa yana gona, kafin rana ta faɗi washegari an rufe ko'ina. Ni kuwa na shuka tsiri ɗaya na saɓa sungumi na nufi gida. Mutane suka ɗauka wani abu ne ya same ni. Da yamma sai ga samari sun zo wai za su yi mini gayya su ƙarasa. Na yi musu godiya na ce a bar ta haka. Suka tsaya suna kallona. Kafin gari ya waye labari ya zaga cewa fim ya taɓa mini kai.

Makonnin farko babu ɗauka, shuka kawai muke zuwa yi da share ciyawar da ke cinye wurin da ba a shuka ba. Dillali, wanda rabonsa da fartanya tun yana saurayi, yana noma yana mita, wai shi jarumi aka ɗauke shi ba ɗan ƙodago ba. Mai kyamara ya fi mu duka iya sara rami, ya kan tuɓe rigar ofis ya rataye a kan babur ya shiga gaba. Da tsirin farko ya kai gwiwa, muka kafa kyamara. Na yanki sanda daidai tsawon, kowace Asabar sai na gwada ta a jikin gero kafin kowa ya buɗe baki.

Sai kuma maganar iyaka. A labarin, tushen gamba ne alamar iyakar da ake rigima a kanta, dole ya fito a kowane hoto. Tunda muna matsawa arewa, dole shi ma ya bi mu. Na samo wani babban tushe a saura, kowace Asabar da sassafe in haƙe shi da ƙasarsa in kai sabon tsiri in dasa in ba shi ruwa. Ban yi tunanin yadda abin zai kasance a idon mai wucewa ba. Maƙwabcinmu na gabas, dattijo ne sa'an mahaifina, ya hango ni rungume da tushen gamba ina tafiya a gona da sanyin safiya. Bai yi mini magana ba, wurin mai unguwa ya wuce, na gaske ba na fim ba.

Suka iso tare muna tsakiyar ɗauka. Mai unguwa ya ce, "An ce kana tayar da iyaka."

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, iyakar wasa ce. Ta gaskiya tana can inda mahaifina ya bar ta, ko ganye ban taɓa ba."

Dattijon ya ce, "Iyaka ba ta da wasa, yaro. Yau ka ɗaga ta wasa, hannu ya saba."

Na ce, "Baffa, mu je ka duba da idonka."

Muka bi iyakar tun daga kudu har burtali, rana tana dukanmu, batiri yana ƙarewa a banza, ina haɗiye maganganun da ke zuwa bakina. Ya duba tushe ɗaya bayan ɗaya. Da ya gamsu bai ba ni haƙuri ba, sai ya nemi inuwa ya zauna wai zai ga ƙarshen wannan shirme. Daga ranar kowace Asabar yana nan, shi ne ma yake korar mana awaki.

Wata Asabar ruwa ya wuni, ba mu ɗauki komai ba. Wata kuma an yi rasuwa a gidan su malami. Kowace Asabar da ta kuɓuce, tsirinta ya wuce gwiwa ya tafi, sai an ƙara wani a gaba. Na yi niyyar in bar wa Inna kusurwar arewa maso yamma in zuba mata wake da wuri, amma tsirin da aka ƙara suka fara cin ta. Mai kyamara ya ja ni gefe ya ce, "Mu taƙaita labarin mana. Cire fitowa biyu, ka ceci wannan gefen." Na duba labarin a kaina daga farko har ƙarshe, ban ga abin cirewa ba. Na ce a ci gaba. Ya dube ni ya girgiza kai, ya ɗauki sungumi.

Inna ba ta taka gonar ba ko sau ɗaya a daminar nan. Amma kowace Asabar da azahar sai ƙanwata ta kawo mana fura a ƙwarya, da ludayi huɗu.

Mun ɗauki fitowar ƙarshe a bakin burtali, a tsirin da na san ba zai yi ba. Dillali da malami suka rungume juna suna kuka, gero yana shafar gwiwoyinsu kamar yadda ya yi a fitowar farko. Na ce a yanke. Na juya na kalli kudu. Gonar ta zama kamar matakala, can ƙarshe zangarniya ta sunkuya, nan gabana ganye ne shar. Bayan kwanaki kaɗan ruwa ya ɗauke.

Abin da mai kyamara ya faɗa shi ya faru. Tsirin farko suka ba da dami mai kyau, na tsakiya suka fitar da kai babu ƙwaya, na ƙarshe suka bushe a tsaye. Waken da na watsa bayan mun gama, harawa kawai ya yi. Amalanken maƙwabta suna ta kai da kawowa, namu ya gama aikinsa kafin hantsi. Na leƙa rumbu, ko rabi bai kai ba. Inna ma ta leƙa, ta mayar da murfin, ta tambaye ni ko zan ci tuwo kafin in koma.

Na koma Gumel na duƙufa. Da rana ɗinki, da yamma mu zauna da mai kyamara gaban bidiyo biyu, ɗaya yana juyawa ɗaya yana ɗauka, yatsansa a kan maɓalli, in an kuskure a sake daga baya. Da muka gama na shiga kasuwa na auni buhun gero. Ranar da za mu nuna fim na ɗaure shi a bayan babur, amma ban shiga da shi gari ba. Na ajiye shi a shagon wani mai faci a bakin titi, na ce bayan sallar isha zan zo in ɗauka, lokacin da majalisa ta watse.

Ajin nan dai muka sake ara. Ya fi na bara cika, domin kowa dariya ya zo yi, har da waɗanda suka ji labari daga ƙauyukan kusa. Na ga Inna ta shigo ta zauna a baya cikin mata, ita da ko bara ba ta zo ba sai labari aka kai mata. Na kunna bidiyo.

Aka zo wurin. "Tsaya nan, kada ka motsa, yanzu zan kira mai unguwa." Na ji aji ya ja numfashi, wasu har sun fara ƙyalƙyala tun kafin hoto ya sauya. Ya sauya. Ga wa, ga mai unguwa, ga ƙane, ga gero a gwiwa. Dariyar ta tsaya a maƙogwaro. Wani ya ce, "Af." Shi ke nan.

Kaɗan-kaɗan suka manta da abin da ya kawo su. Da wan ya ɗaga hannu zai mari ƙanensa, wata mata ta yi salati da ƙarfi. Da aka zo rantsuwa a kan tushen gamba, maƙwabcinmu ya miƙe tsaye ya ce ƙarya wan yake yi, shi yana wurin, sai da aka zaunar da shi. Aka gama, aka cire tabarmi daga tagogi, mutane suka fito suna musu a kan wa ke da gaskiya, har wasu suna ɗaga murya. Na bi su ina kasa kunne. Ba wanda ya ambaci gero. Damina guda da abincin gidanmu na zuba don kada a ambace shi, kuma ba a ambace shi ba. Daɗi ya kama ni har idona ya ciko, na koma ciki na yi kamar ina naɗe waya.

Ina durƙushe sai na ga ƙafafun Inna a gabana.

"Mai faci ya ce ka bar kaya a wurinsa."

Na ce, "E, Inna. Anjima zan shigo da shi, in an yi isha."

"Sato shi ka yi?"

"A'a."

"To, ni ma na ga inda namu ya tafi, ba ɓata ya yi ba. Tashi ka ɗauko yanzu, da sauran rana. Kuma ba a babur ba."

Na je na ɗora buhun a ka. Ta jira ni a bakin hanya, ta shiga gaba, ina bin ta. Ba ta bi ta bayan gari ba, ta tsakiya ta bi, ta bakin masallaci inda majalisa ta cika ana ta musun fim. Da muka iso duk suka zuba wa buhun ido. Inna ta tsaya, ta rage tsawo, ta fara gaishe su ɗaya bayan ɗaya, da gida, da iyali, da gajiya, da yaya aka ji da kaka, ba ta tsallake kowa ba. Ni kuwa ina tsaye a bayanta, buhu yana danne mini wuya, gumi yana shiga idona, har ta gama da na ƙarshe, sannan ta ce mu je.